Bayan Fata

Ƙarfe bakwai kabu-kabu ya sauke ni ƙofar jami'a,
warin majema bai gama barin rigata ba.
Dala sittin na biya kuɗin kwafi,
tawadar ta koɗe, sai na kai takardar bakin taga
kafin na gane sunan yarjejeniyar.

Bara mun haddace dokar ƙasa da ƙasa
kamar mai haddar sunayen waɗanda ke bin sa bashi:
wannan sashe, wancan sakin layi,
ƙasashe duk kansu ɗaya, ba babba, ba yaro.
Na rubuta haka, na ci sha huɗu bisa ashirin,
har Inna ta dafa mini zabuwa.

Bana sai ga Malama Falmata Kiyari,
ƴar siririya, alli har gwiwar hannu.
Ba ta ce a buɗe littafi ba.
Ta ce: ranar da aka zauna rubuta wannan,
wa ke kan kujera, wa ke riƙe da fitila,
wa kuma ke bayan ƙofa
yana jin ana kiran sunan garinsu
ba a ce masa shigo ba?

Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya.
Zufa ta sauko mini bisa kalmar daidaito
ta jiƙa ta har ta narke.

Tasi'u, ɗan Zango, ya miƙe:
Malama, in dokar ta mai ƙarfi ce,
me ya kawo mu nan, da ranar Damagaram a ka,
da kuɗin tallafin da ya yi wata huɗu bai zo ba?
Ta ce: zauna. Mai son farke riga
sai ya fara sanin inda aka bi da zare.
Kuma wata rana rigar nan ita kaɗai za ka samu
ka rufe jikinka gaban alƙali.

Ban gamsu ba. Shi ma bai gamsu ba.

Da yamma na bi ta Birni,
tsakanin duwatsun da suka riga kowace taswira zama.
A shafi na tara an ce wai an taɓa yin zance
na ƙasar da ba ta da mai ita.
Na dubi jerin jarkoki a bakin famfo,
kowace da zanen mai ita a wuya,
har wadda ta tsage aka liƙe da wuta.

A majema na tarar da Baba tsugune,
hannunsa cikin ruwan bagaruwa.
Ya ce: yau me aka koya wa lauya?
Na ce: an ce mu daina yarda da abin da muka haddace.
Ya yi dariya, ya jawo wata jar fata,
mai laushi, mai sheƙi, irin ta jakar manya.
Ya ce: mai saye nan yake dubawa.
Sai ya kifa ta.
Ga inda wuƙa ta kauce,
ga tabon ƙaya tun tana kiwo,
ga ramin da kaska ta bari.
An jiƙa, an kirɓa, an rina,
har ba mai tuna an taɓa yin akuya.

Na ce: to, Baba, sai a daina jima?
Ya ce: ka ji shirme. Da me za ka ɗauki littafin?

Daren nan fitilar wayata saura kaɗan ta mutu.
Jarrabawa jibi.
Na shimfiɗa yarjejeniyar bisa tabarma,
na karanta fuskarta sau biyu saboda maki,
sannan na kifa ta.
Bayan fari ne fes, ba a buga komai ba.
Nan na fara rubutu,
da sunan kakata, da sunan rijiyarsu,
da tambayar Tasi'u wadda har yanzu ba a amsa ba.