Layi Na Arba'in Da Ɗaya

Ranar da takardar ta zo
Kaka tana tsince wake a faranti.
Na ce, "An ɗauke ni aiki,
kamfanin ba da shawara, can wajen filin jirgi."
Ta ɗago kai.
"Shawara? Yanzu sayar da ita ake yi?
Shekara hamsin ina rabonta a Nima,
ko ƙwandala ba wanda ya taɓa miƙo min."

Wata bakwai bayan bautar ƙasa
na aika takarda saba'in, uku suka amsa.
A ganawar, wani mai gilashi ya tambaye ni
trotro nawa ke ratsa Sakul a yini guda.
Na danne dariya.
Ni da na yi rabin karatun Legon a kujerar baya,
gwiwata manne da buhun doyar wata.
Na ƙirga masa tasha-tasha.
Ya ce in fara Litinin.

Kwat ɗin Suwaiba na ara, hannunsa ya haɗiye yatsuna.
Hawa na tara, sanyi kamar cikin randa.
Ashe sabon shiga ba ya ba kowa shawara:
harafi yake gyarawa,
ya jera lambobi, ya sake jerawa,
har fitilun Osu su gaji da ƙyalli.
La'asar ina yinta tsakanin kwalaye
a ɗakin ajiya, alƙibla tana bayan firinta.

Mako na shida Madam Ofori ta turo aiki.
Masana'antar sabulu a Tema tana son "rage nauyi".
Suna ɗari uku, kowa da layinsa.
Nawa kawai in shafa ja
a kan wanda kuɗinsa ya fi amfaninsa.
Na yi ta shafawa, hannuna ba ya rawa,
sai layi na arba'in da ɗaya:
Inusa Tahiru, mai kula da sito, shekara ashirin da shida.

Baba Inusa.
Safiyar da kwata ta cika ta tumbatsa,
motoci suka tsaya cak,
shi ya goya ni a babur zuwa jarrabawa,
ya lulluɓe alƙalumana da hularsa.

Na duba jadawalin sama da ƙasa.
Akwai gurbin albashi, gurbin shekaru, gurbin hutun ciwo.
Babu gurbin da zai ce
ko sandar sabulu ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Da dare na same shi a benci, bakin masallaci,
yana ɓare lemo.
"Ga manyan gobe! A ɗan sammana shawarar mana."
Na gaishe shi har ƙasa, na wuce da sauri
kamar wadda ta bar tuwo a wuta.

Kaka ba ta yi barci ba.
Na ce, "Ina neman shawara."
Ta ce, "Wadda ake saya, ko ta gida?"
Ban amsa ba. Ita ma ba ta ƙara ba,
ta dai tura min kwanon wake da shinkafa.

Ƙarfe takwas ake taro.
Na buɗe kwamfuta a kan tabarma,
na ƙara gurbi ɗaya a ƙarshen jadawalin,
wanda ba a sa ni ba.
Har ladan ya taɓa lasifika
ina neman sunan da zan ba shi
wanda Madam ba za ta goge ba.