Makonni Shida, Ban da Jifa

Ranar da aka tashi daga wasan ƙarshe a Rosthern,
jikata Renita ta shiga mota, ba ta ce uffan ba.
Ta dafe kafaɗar dama da hannun hagu
kamar mai rarrashin jaririn da ya ƙi barci.
Likita ya latsa nan, ya latsa can, ya ce:
"Makonni shida, yarinya. Ban da jifa."

Ban da jifa!
Ga 'yar shekara sha huɗu
wadda ko ɓawon lemo ba ta kai wa kwandon shara da ƙafa,
sai ta ja baya, ta auna, ta wurga.

Satin farko gunaguni ne.
Na biyu ta yi barci kamar wadda ake biya.
Na uku ta ɗauko safar fatarta ta sofbol,
ta shafe ta da mai, yatsa bayan yatsa,
ta kwantar da ƙwallo a cikinta, ta ɗaure da igiyar takalmi,
ta tura ƙarƙashin katifa.
Na ce, "Ita ma hutu take?"
Ta harare ni.

Dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe filin,
ba layi, ba tudu, ba bencin 'yan kallo.
Na nuna mata gonar alkama ta taga.
Na ce mahaifina kan bar wani yanki saura shekara guda,
maƙwabta na cewa ragwanci ne,
har ranar da aka zo awon buhu.
Ta ce ita ba gona ba ce.
Ban ja da ita ba.

Amma da asuba nakan ji ƙofar ɗakinta tana kuka.
Ta ɗaura roba a mariƙin ƙofa,
tana ja, tana saki, tana ƙirga a hankali,
goma sha biyar, ta sauya hannu.
Da dare ta tisa waya a gaba
tana kallon kanta a wasan bara,
ta tsayar, ta mayar, ta tsayar:
"Kaka, dubi ƙafata! Ashe karkacewa take yi.
Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"
An gaya mata. Koci Darlene ta faɗa har muryarta ta dishe.
Kunne ne bai sami fili ba sai da hannu ya zauna.

Ni kuwa na share tsohon garken shanu,
na auna ƙafa arba'in da igiya,
na kifa bokiti a ƙarshen layi,
gwiwoyina sun daɗe da daina tsugunno.

Ran da kwanakin suka cika
ta zo da hular sanyi, numfashi na fita fari.
Ba daga nesa ta fara ba.
Taku biyar, gwiwa ɗaya a ƙasa, wuyan hannu kawai.
Sai taku goma.
Ran da ta juya hannun gaba ɗaya, cikakken zagaye,
ƙwallon ta wuce kaina, ta daki katako,
kyanwa ta tsere, tattabaru suka watse.
Ta tsaya, ido ya ciko.
Na ce, "Je ki ɗauko. Garken nan ya ga abin da ya fi wannan."

Janairu ya wuce a kan bokiti.
Fabrairu ma.

Yau, ƙanƙarar rufi ta fara ɗiga,
ta ja baya, ta zabura,
ban ga ƙwallon ba, ƙararta na ji,
tas! a tsakiyar tafina,
zafin ya haura har gwiwar hannu.
Ta ce, "Kaka, na ji maka ciwo?"
Na ce, "Ina! Sake."
Na cusa hannun a hammata kafin ta juyo.