Ƙafar Haya

Ranar Talata nakan yi ciwon ƙarya.
Jaka uku na sefa da kwalbar ruwan sanyi,
ladan kenan a asibitin koyarwa na Garwa,
ɗaki na huɗu, bayan ɗakin haihuwa,
inda fanka ke juyawa kamar an yi mata dole.

Takarda ta ce sunana Bawuro,
mai sayar da kifi a bakin Binuwai,
ciwon suga shekara tara, ƙafar hagu ta yi barci.
Ni kuwa Sanda ne, tsohon direban auduga.
Na ajiye motar kamfani, na ɗauki ciwon wani.

Malama Jaratu tana kusurwa da takarda da agogo.
Ba ta tari, ba ta murmushi.
Minti goma kowane ɗalibi,
bironta kaɗai ke magana.

Na farko ya shigo, rigarsa fara tas da karin guga,
ko sallama babu.
Ya ɗaga ƙafata kamar mai taya kaza a kasuwa,
ya jero sunayen jijiyoyi da Faransanci,
bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba.
Ya fita bai san launin hulata ba.

Ta biyu hannunta na rawa.
Ta wanke, ta manta safar hannu, ta koma ta sake wankewa.
Ta taɓa tafin ƙafata da siririn zaren roba:
“Baba, ka ji?”
Na ji sarai. Na ce, “A'a, 'yata.”
Ƙaryar da ake biyana kenan.

Haka suka yi ta wucewa.
Wani ya tsorata ni da yankewa tun ban zauna ba,
wata ta kira ni da sunan maras lafiyan jiya.
Kafin azahar na rasa ƙafar nan sau uku,
ta warke sau biyar.

Sai na sha ɗaya, Hamajoda, ɗan Gidar,
dogo, takalminsa ya sha ɗinki.
Ya tambayi gida, ya tambayi kasuwar kifi,
har na kusa jin ƙarni a hannuna.
Ya murza tafukansa don kada sanyin ruwa ya taɓa ni.
Ya ce, in na yi alwala, ina share tsakanin yatsu?
Ya zura hannu cikin takalmina yana lalube
kamar mai neman kuɗin da ya faɗi.

Sai ya tsaya.

“Baba, ba ni ta dama.”
Ta dama ba ta cikin takarda.
Na dubi Malama, Malama ta dubi agogo.
Na miƙa.

Ya danna ƙasan babban yatsa. “Ka ji?”
Ina jiran ya taɓa.
Ashe ya riga ya taɓa.

Ya juyo takalmin ya nuna min:
kan ƙusa, ɗan mitsitsi, ya leƙo ta ciki.
A ƙafar kuma rami kamar ƙwayar gero,
ya yi baki, ya yi shiru.
Kwana nawa nake taka shi daga Rumde Ajiya zuwa nan?
Wa ya sani.

Ƙararrawa ta buga.
Saura tambaya shida bai yi ba,
gurbi shida fayau a takardar Malama.
Bai ɗaga kai ba. Ya nemi auduga da ruwan gishiri.

A shekara biyu ban taɓa ganin Malama ta miƙe ba.
Ta ajiye biro, ta tsuguna, ta riƙe masa tasa.

Ban san makin da ta ba shi ba.
An ce takardar ba ta da gurbin irin wannan.

Talata mai zuwa ma zan zo.
Layin gaba zan bi, da kati a hannu,
in an kira Sanda in amsa.
Bawuro sai su nemo masa wata ƙafar.