Idon Dankali

Ƙarfe biyun dare a Lamingo,
sanyin Jos ya ratsa har ɓargo.
Daga ni sai ƙugin firji,
sai akwatin da muke renon su ciki
da ɗumin jikin mutum, ba ragi ba ƙari.

Na ɗaga faifan gilashi.
Ido bai ga komai ba sai ruwa jaja-jaja,
kamar zoɓon da aka tsinka wa yara.
Da na leƙa ta madubin ƙara girma,
ga su nan, sun miƙe ƙafa, sun kama wuri,
'yan ƙwayoyin da ba su zaɓi sana'a ba tukuna.
Wannan tana iya zama ƙashi,
waccan guringuntsi,
wata kuma ta je bakin rauni ta yi masa magana
har ya yarda ya rufe a hankali.

Babanmu ya yi noman rani
a bakin tsohon ramin kuza.
In yana yanka iri sai ya ce,
"Ladidi, kar ki yar da mai ido.
Wannan ɗan tabon da kike raina wa,
gona ce guda a kwance."
Ya rasu bai san
sana'arsa na gada ba, farar riga kawai na ƙara.

Tanimu, ƙanena, mai walda ne a Dilimi.
Tanki ya yi bindiga wata Laraba.
Ya rayu. Hannun ya warke.
Amma jiki tela ne na jajibirin salla,
ɗinkin sauri yake yi, bai duba kyau ba:
ya haɗe yatsu uku wuri ɗaya,
ya bar masa dunƙule
kamar mai fushi da wanda bai sani ba.

Kullum in na dawo sai ya tsokane ni:
"Likitar faifai, yaushe girkin naku zai nuna?"
In ce da saura.
Ya ce, "Masu lasifika a Taminus
sun ce suna da shi a kwalba, dubu biyar."
In ce su suna da baki,
mu ɓeraye shida muke da su, da littafin lissafi,
da shekarun da ban iya ƙidaya maka ba.
Ba zan sayar maka da gobe ba, Tanimu,
ban riƙe ta a hannu ba.

Bara aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi.
Ni da Kaneng muka yi ta zarya da tocila
kamar kajin da aka kwashe wa ƙwai.
Aikin kwana arba'in ya huce kafin asuba.
Ta yi kuka da Berom, na yi da Hausa,
muka wanke faifai, muka sake.

Inna ta taɓa tambayata, tana tsince shinkafa,
"Wannan ba shiga hurumin Ubangiji ba ne?"
Na ce, Inna, ko ƙwaya ɗaya ban halitta ba.
A ɓargon mutum na same su,
Shi ya ajiye su can, guzurin gyara.
Nawa ban-ruwa ne da jira.
Ta ce, "To, ki yi bisimilla."
Ina yi.

Yanzu gari ya fara haske ta bayan duwatsun Shere.
Na canja musu ruwa, na mayar da su ɗumi,
na rubuta a littafi da yatsun da suka sandare:
Kwana goma sha tara.
Sun ƙaru. Suna raye.

A gida zan tarar da Tanimu a bakin murhu,
ya tallabe kofin shayi da hannu ɗaya da rabi.
Zai ɗaga gira.
Zan ce da saura.
Zai matsa mini a kan benci.