Rigar Alhaji Rance

Ni na ɗinka rigar.
Yadi shida, ragowar wani ango da ya fasa karɓa,
a shagona na Herwagana, kan tsohon keke mai tari.
Ya ce, "Tela, ka sa mata aljihu uku,
kowanne ka huda shi a ƙasa."

Kafin rigar, Hammayo ne kawai,
yaron mota a Tashar Dukku,
mai kwaikwayon fasinja tun ba su sauka ba:
takun dillalin shanu, tsakin malamar asibiti,
rantsuwar direba cewa mai ya yi tsada.
Wani mai kyamara ya tsaya dariya har mota ta bar shi.
Mafarin ke nan.

Daren Alhamis unguwa kan yi tsit.
Talabijin ɗaya, gida goma,
yara a taga, batirin mota a ƙarƙashin tebur.
Sai ga shi, hula a karkace,
da sallama doguwa kamar hanyar Biu.
Ya gai da iyali, ya gai da awaki,
ya yi jajen kazar da ta ɓata bara,
sannan ya sosa ƙeya:
"Ɗan wani abu nake nema, zuwa Juma'a."
Tsofaffi su riƙe ciki,
mai shayi ya zuba madara a ƙasa.

Daga nan kaset, daga nan faifai.
Kano ta kira, ya je,
ya dawo da sabon takalmi da alkawari buhu guda.
Fim arba'in da ɗoriya.
Masu kwafi suka ɗora bene,
shi yana haya a Bolari, da roba a tsakar ɗaki don yoyo.
Ran jana'izar mahaifiyarsa
wani ya dube shi ya ƙunshe baki.
Ya gani. Bai tanka ba.

Ga abin da ke hana ni barci.
Wata Talata da la'asar ya shigo,
hula a miƙe, sallama gajera.
Ya ce, "Manu, Dudu na kwance, an rubuta magani.
Ɗan wani abu nake nema..."
Ban bari ya kai aya ba.
Na ce, "Zuwa Juma'a!"
Na bushe da dariya, yaran shago suka taya ni.
Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya,
sai ya karkata hular, ya sosa ƙeya,
ya ba mu wasan kyauta, ya fita.
Sai bayan kwana tara na ji ya sayar da babur.

Yanzu hawan jini ya ja masa baki gefe.
Yara na leƙe ta katanga, wai wasa yake yi.
Samari na tura wa juna guntayensa a waya,
da yawansu sun ɗauka ya daɗe a ƙasa.

Jiya na je gaishe shi da rigar a leda.
Na toshe aljihun uku da zare ninki biyu,
na sa abin da ya sawwaƙa a na tsakiya.
Ya laluba da hannun da ke motsi. Ya daɗe.
Da rabin baki ya ce,
"Manu, ka ɓata mini riga.
Amma zan biya ka."
Na ce, "Yaushe?"

Muka yi shiru, mu biyu,
kowa na jiran wanda zai fara.