Kwata Ɗaya

A garejin da ke bayan Kwangila,
ƙarƙashin darbejiyar da ke zubar da 'ya'ya kan bonet,
Baba Ilu ya ce mini inji ma huhu gare shi.
Ban yarda ba.
Shekarata sha huɗu, hannuna baƙi ƙirin,
abin da na sani a mota nauyin jak ne kawai.

Fijo ce akori-kura, launin ƙasa.
Mu loda mata barkono a Sabon Gari,
mu dawo da dankali daga Jos.
A Zariya lafiya lau take,
tana gurnani kamar kyanwa a cinya.
Pambeguwa ma lafiya.
Sai an wuce Saminaka,
titi ya fara ɗaga kai yana neman duwatsu,
sannan take soma tari.
Baƙin hayaƙi a salansa,
totur har ƙasa, ita kuwa sai rarrafe.

Baba ya faka, ya tofar da goro.
"Ba ciwo ba ne, ƙoshi ne.
Iskar tudu ba ta da kauri,
kafireta kuwa ba ta san an hau ba.
Mudun da ta auna a Zariya
shi take zubawa a nan.
Gari da yawa, ruwa kaɗan,
wa zai iya haɗiye wannan kunu?"

Sai ya zaro sukuddirebansa,
mai fasasshen ƙota ɗaure da robar tif,
ya kara kunne kamar mai sauraron gulma,
ya murɗa kwata ɗaya.
Shiru.
Ya ƙara ɗan kaɗan, abin da bai kai ƙwayar gero ba.
Muryar ta washe.
Mu sha shayin Barau a tsaye, mu hau.

A dawowa sai an mayar da abin da aka rage.
Ran da na manta, ta sauko da ƙishi,
ta yi zafi, tana ƙwanƙwasa kamar mai bin bashi,
na sha rankwashi biyu kafin Soba.

Yau mai injekta nake ja.
Akwai wani ɗan hanci a maƙogwaronta
da ke shinshina iska yana kai rahoto,
ƙwaƙwalwarta ta rage mai, ta ƙara,
ban ji ba, ban gani ba.
Ba tari, ba hayaƙi, fulogi fes.
Ba zan yi ƙarya ba, ta fi.
Man da Fijo ke sha zuwa
shi ke kai ni, har ya rako ni rabin hanya.
Saminaka kuwa sai dai ta madubi.
Barau ya ɗaga hannu sau biyu, sau uku,
ya daina.

Na ba Baba labari, idonsa ya yi hazo yanzu,
yana zaune kan tsohuwar taya.
Ya ce, "Madalla. Ran da ta yi fushi fa,
da wane yare za ka ba ta haƙuri?"

Daren ya zo cikin damina, gab da Pambeguwa.
Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a dashbod,
inji ya ɗauke.
Na buɗe bonet, ruwa na bin ƙeyata,
na haska ko'ina,
babu abin murɗawa.
Sai da hantsi wani yaro ya iso daga Tudun Wada
da na'ura a jakar goyo.
Ya soka waya, ya karanta lamba,
ya canja abu kamar ɗan yatsa,
ya karɓi kuɗin sawu uku.
Ko farcensa bai yi baƙi ba.

Na biya, ban yi gardama ba,
ta tashi, ta hau tudun ba ko nishi.

Sukuddireban yana nan a aljihun ƙofa.
Baba ya ba ni ran da ya bar aiki.
Jiya na tsaya a Saminaka ba dalili,
ɗan Barau ne a teburin yanzu,
yana neman abin huda gwangwanin madara.
Na miƙa masa.