Kalaci a Kan Ruwa

Munkaila ya kira ni da sassafe,
ina ɗinkin taru a bakin mashigin Marma.
Wayar Zinaru ce, ta miƙo min da hannu biyu.
Fuskarsa a ciki ƙarama kamar kwabo,
bayansa kuwa ruwa ne shuɗi,
ba gaɓa, ba kacalla, ba ko belbela ɗaya.

Ya ce jirgin da yake wa aiki hawa goma sha biyu ne.
Na ce to, Allah ya tsare.
Ya ce, Baba, da safe baƙinmu kan rabu biyu.
Wasu su hau sama, inda aka baje abinci
kamar rumfunan Gujungu ranar kasuwa,
kowa da farantinsa, ya ɗebi abin da idonsa ya so.
Wasu su sauko, su zauna a tebur mai farin ƙyalle,
a ba su takarda su nuna da yatsa,
ni kuma in je in kawo.
Da kai ne, wanne za ka zaɓa?

Na yi dariya har zaren ya kuɓuce min.

Ni da shekara arba'in ina karyawa a kwale-kwale?
Ɗumamen Tabawa a kwanon samira,
an ɗaure bakinsa da tsohon kallabi,
kunun tsamiya da ya huce tun kafin in kai gurbi.
In kafa gwangwala, in ba iska baya,
in ci da hannu ɗaya, ɗayan yana kan igiya.
Ba wanda ya taɓa tambayata wanne.

Amma na san na saman nan.
Shekarar da aka kai mu taron masunta a Dutse
sun jera mana tukwanen ƙarfe masu murfi.
An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.
Nawa bai sani ba.
Na ɗora ƙwai kan doya, wake kan ƙwai,
burodi a hammata, shayi na ƙona yatsu,
na tsaya tsakiyar ɗaki ina neman wurin zama
kamar jirgin da aka yi wa lodi ya wuce ƙa'ida.
Rabin farantin na bari.
Yarinyar da ta kwashe ba ta ce komai ba,
shirun nata ne ya biyo ni har gida.

Ya ce, na ƙasa akwai jira, Baba.
Wani lokaci rabin awa kafin ƙwai ya iso.
Na ce, masunci kake ba wa labarin jira?
Tarwaɗa ta taɓa zaunar da ni daga asuba har azahar.

Sai na tambaye shi tebur nawa ne nasa.
Ya ce shida, kusa da taga.
Na ce to, a nan zan zauna.
In ce ka kawo shayi.
In ka kawo, in ce na manta sukari.
In ka kawo, in ce cokalin ya faɗi.
Ka yi ta zuwa kana komawa,
ina kallon tafiyar nan taka ta gwame
da uwarka ta ce gadon gidanmu ce,
har su tashi rufe wurin.
Shekara uku ke nan ban ga bayan wuyanka ba.

Bakinsa ya motsa, sai hoton ya daskare.
Zinaru ta ɗaga wayar sama, ta hau tudu, ta sauko,
ta ce sabis ya ɗauke.

Na kwance kallabin Tabawa.
Miyar kukar ta yi sanyi, ta kama gefen kwano.
Na tura jirgi cikin ruwa.
Sai da na wuce tsamiyar Bulama na tuna
ban tambaye shi ko shi ya karya ba.